DARASI: GUMAKAN TUNAWA DA SOJOJI A FAGEN FAMA, DA ABIN DA SUNNA TA KOYA MANA A UHUDU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, dalilin rubuta wannan darasi wata tambaya ce da wani yaro ya yi mini bayan karatun tsakanin Magariba da Isha'i. Wansa soja ne, an kashe shi a bakin aiki. Ya ce kowace shekara ran 15 ga Janairu yana ganin manya suna ajiye furanni gaban gunkin soja, a busa begila, a yi tsit na minti ɗaya, a saki tattabaru. Ya ce, Malam, wannan abu yana kai wa ga Yayana kuwa? In ba ya kai wa, to, mene ne zai kai?

Tambaya ce mai nauyi, ba a amsa ta da tsawa. Wanda ya yi ta zuciyarsa a karye take. Don haka zan kai ka can inda wannan al'ada ta yi ƙarfi, ka ga asalinta da idonka. Sa'an nan mu komo gindin dutsen Uhudu mu ga yadda mafificin halitta (S.A.W.) ya yi da mazajensa. Daga nan sai ka auna da kanka.

RABIN SA'A A BEAUMONT-HAMEL

A arewacin ƙasar Faransa, a yankin kogin Somme, akwai wani ƙauye da ake kira Beaumont-Hamel. A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, watau 1914 zuwa 1918, sojojin Ingila da na Jamus sun haƙa dogayen ramuka a nan suna fuskantar juna, kowa ya kafa waya mai ƙaya a gabansa. Cikin sojojin da Ingila ta kawo akwai rundunar sojan ƙasa ta Newfoundland. Newfoundland wani tsibiri ne mai tsananin sanyi a gabashin Kanada, a lokacin mutanensa duka duka wajen 240,000 ne, yawancinsu masunta. Samari ne irinka, wasu 'yan gida ɗaya, wasu 'yan unguwa ɗaya.

Janarorin Ingila suka shirya babban hari. Kwana bakwai igwa tana ɓarin wuta a kan ramukan Jamusawa, aka harba harsasan igwa fiye da miliyan ɗaya da rabi. Aka tabbatar wa sojoji cewa abokan gaba sun ƙare, wayarsu ta tsinke. Ashe Jamusawa suna can cikin ɗakuna masu zurfi ƙarƙashin ƙasa, suna jira.

Ran 1 ga Yuli, 1916, da ƙarfe 7:20 na safe, aka tayar da wata babbar nakiya a kusa da ƙauyen, minti goma kafin lokacin hari. Wannan sai ya zama kamar an buga wa Jamusawa ƙararrawa. Suka fito suka ɗana mashingan. Sahun farko ya tashi, aka kwantar da shi. Duk da haka, da wajen ƙarfe 9:15 aka ba 'yan Newfoundland umurni su tashi. Ramukan da za su bi zuwa sahun gaba sun cika da masu rauni, sai suka hau sarari tun daga baya, suka nufi 'yan ƙofofin da aka bari cikin wayar ɓangarensu. To, daidai waɗannan ƙofofi Jamusawa suka auna. Da yawa sun faɗi tun ba su wuce sahun mutanensu ba.

Mutum wajen 800 suka tashi. Cikin abin da bai fi rabin sa'a ba magana ta ƙare. Washegari da aka yi kiran suna, 68 ne kaɗai suka amsa. Fiye da 700 sun mutu, ko sun ji rauni, ko sun ɓace. A wannan wuni ɗaya sojojin Ingila gaba ɗaya sun yi hasarar mutum 57,470, daga cikinsu 19,240 matattu. Aka ci gaba da yaƙin Somme har tsakiyar Nuwamba, hasarar ɓangarorin duka ta haura mutum miliyan ɗaya, ƙasar da aka ci kuwa ba ta fi mil shida ba.

ABIN DA AKA GINA

Bayan yaƙi mutanen Newfoundland suka tara kuɗi, mata da iyaye suna kan gaba, suka sayi filin nan a 1921, eka 74. Limamin Kiristan rundunar, Thomas Nangle, shi ya tsaya a kan aikin. Aka bar ramukan yadda suke, har yau kana ganin shacinsu ciyawa ta rufe. Aka tara duwatsu aka yi tudu mai tsawon ƙafa wajen 50, aka ɗora gunkin tagulla na wata irin barewa mai manyan ƙahoni masu rassa, wadda suke kira karibu, ita ce tambarin rundunar. Wani maƙeri Bature, Basil Gotto, ya zana ta tana ɗage kai tana fuskantar inda abokan gaba suke. A gindin tudun akwai alluna uku na tagulla masu ɗauke da sunayen mutum fiye da 800 'yan tsibirin, na ƙasa da na ruwa, waɗanda ba a san kabarinsu ba. A tsakiyar filin kuma akwai alamar wata busasshiyar itaciya da suke kira itaciyar haɗari, domin a kusa da ita mutane suka fi faɗuwa. Irin wannan barewa an kafa ta a wasu fagagen da rundunar ta yi yaƙi, a Faransa da Beljiyam, da ɗaya a gida, a birnin St. John's.

Ran 7 ga Yuni, 1925, aka buɗe wurin. Ka san wanda aka gayyato ya buɗe? Douglas Haig, babban kwamandan sojojin Ingila wanda a ƙarƙashinsa aka shirya harin Somme. Riƙe wannan a zuciyarka, za mu komo kansa.

Mu yi adalci, domin Allah Ya umurce mu da shi ko ga wanda ba addininmu ɗaya ba. Mutanen da suka sayi filin nan iyaye ne da aka raba da 'ya'yansu, ba su da ko gawar da za su binne. Baƙin cikinsu gaskiya ne. Ya tabbata cikin Bukhari cewa an wuce da gawar Bayahude, Annabi (S.A.W.) ya miƙe, da aka gaya masa ko wane ne, ya nuna cewa ai shi ma rai ne. Saboda haka ba mu yi wa kowa dariya a kan mamacinsa. Abin da muke tambaya shi ne: barewar tagulla ta amfani wa? Tsibirin kansa bashin yaƙi na cikin abubuwan da suka durƙusar da shi, har a 1934 ya rasa mulkin kansa, a 1949 ya shiga ƙarƙashin Kanada. Tagulla tana nan tsaye, samarin ba su komo ba.

KAKANNINMU MA SUNA CIKI

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne, ba ruwanka. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila, an kwashi dubban samari daga ƙasar nan, Hausawa da Barebari da Tibi da sauransu, cikin rundunar Nijeriya. Aka sa su cikin manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su dazuzzukan Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, suka yi yaƙi da Japanawa tsakanin 1943 da 1945. Sunayen barikokin da kake ji, Dodan da Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Bama aka samo su. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai ginshiƙan dutse masu ɗauke da sunaye wajen 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma. Watakila sunan kakan wani mai karanta wannan takarda yana can. Shekara nawa ke nan sunan yana jikin dutse? Wa ya taɓa yi masa addu'a saboda dutsen? Wanda ya tuna da shi, in akwai, wata tsohuwa ce a ƙauye da take ambatonsa bayan sallar Asuba. To, ita ce ta aika masa da abin da yake isa.

MU KOMO UHUDU

A watan Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira, Ƙuraishawa suka zo da mutum 3,000. Annabi (S.A.W.) ya fita da 1,000, shugaban munafukai Abdullahi bin Ubayyu ya janye da 300, saura 700. Ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubairu, ya umurce su kada su sauka ko an ci nasara ko ba a ci ba. Da suka ga abokan gaba sun juya, yawancinsu suka sauka neman ganima. Khalid bin Walid, lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya. Aka kashe Musulmi 70. Cikinsu akwai Hamza, baffan Annabi, wanda aka farke cikinsa. Akwai Mus'abu bin Umairu, saurayin da ya fi kowa ado a Makka kafin ya musulunta, wanda ranar ba a sami abin da zai rufe shi duka ba: in an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito. Aka rufe kansa da mayafin, aka sa ciyawa a ƙafafunsa.

Ka dubi abin da Annabi (S.A.W.) ya yi da su. Ya sa aka binne su da jininsu, ba wanka. Ana haɗa mutum biyu cikin kabari ɗaya, ya tambayi wanda ya fi haddar Alƙur'ani, a gabatar da shi cikin lahadu. Wasu dangi sun ɗauki gawawwakinsu za su kai Madina, ya aika a komo da su inda suka faɗi. Shi ke nan. Ya rayu shekara takwas bayan haka, aka ci Khaibara, aka ci Makka, dukiya ta samu. Bai gina wa Hamza hasumiya ba. Bai sa an sassaƙa zaki a kan tudun maharba ba, ko da yake ana kiran Hamza zakin Allah. Abubakar bai yi ba, Umaru da taskokin Kisra suka zo hannunsa bai yi ba, Usmanu da Aliyu ba su yi ba. Kai ka fi su son Hamza ne?

Kuma bai manta da su ba. Uƙbatu bin Amir ya ruwaito, cikin Bukhari, cewa gab da rasuwarsa ya fita zuwa ga mutanen Uhudu ya yi musu addu'a, kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu. An daɗe bayan zamanin sahabbai aka zo aka gina ƙubba a kan kabarin Hamza, aka rushe ta a shekarun 1920 bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Hijaz. In Allah Ya kai ka aikin Hajji ka ziyarci Madina, za ka tarar da fili ne kawai da aka kewaye, ƙasa da tsakuwa. Amma yaro ƙarami a Kano ko Zinder ko Kumasi ya san sunan Hamza. Nawa ne cikin mutanen duniya za su iya kawo suna ɗaya daga allunan Beaumont-Hamel?

TUNAWAR DA TAKE FAƊIN GASKIYA

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Allah Ya ajiye wa Uhudu abin tunawa, amma cikin LittafinSa: ayoyi wajen sittin a Suratu Ali Imrana, tun daga aya ta 121. A cikinsu Ya yi bushara cewa waɗanda aka kashe saboda Shi rayayyu ne a wurinSa ana ciyar da su. A cikinsu kuma Ya faɗi laifin da aka yi ƙarara. Aya ta 152 ta ambaci raunin zuciya da jayayya da saɓa umurni, ta ce wasu duniya suka nufa. Aya ta 165 ta ce da Musulmi suka tambayi daga ina masifar ta zo, a gaya musu daga kansu take. Sahabbai ne fa ake gaya wa haka, kuma muna karanta shi cikin salla har tashin Ƙiyama. Sa'an nan Allah Ya ce Ya yafe musu.

Yanzu ka tuna wanda ya buɗe filin barewa. Dutse ba ya cewa an yi kuskure. Ba ya cewa an tayar da nakiya kafin lokaci, ko an tura sahu na baya bayan an ga na gaba ya ƙare. Yana yabo ne kurum, kuma mai mulki ne yake zaɓar abin da za a rubuta. Yaro ya zo ya ga tagulla tana ƙyalli, ya ji ana busa begila, zuciyarsa ta motsa, ya yi sha'awar abin da bai sani ba. Shekara 14 kacal bayan buɗe wurin, a 1939, Turai ta sake kamawa da wuta, kuma ta fi ta farko muni. Al'ummar da take so jinin 'ya'yanta kada ya tafi a banza, sai ta zauna ta binciki inda aka yi kuskure ta gyara. Haka Alƙur'ani ya yi da mu.

HUKUNCIN GINI DA GUNKI

Na farko, gini a kan kabari. Jabir ya ruwaito cikin Sahihu Muslim cewa Annabi (S.A.W.) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a kansa. Kada wani ya ce maka wannan sabon ra'ayi ne da aka shigo da shi. Buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaidi da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, babin jana'iza, za ka ga an karhanta gini a kan kaburbura. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ma ya yi gargaɗi a kan bidi'o'in kaburbura cikin littattafansa. Abin da aka yarda da shi alama ce ƙarama don a gane wurin, kamar dutsen da Annabi (S.A.W.) ya ajiye a kan kabarin Usmanu bin Maz'un.

Na biyu, gunkin abu mai rai, mutum ne ko dabba. Wannan ya fi na farko tsanani. Sayyidina Aliyu ya aiki Abul Hayyaj da irin aikin da Annabi ya aike shi da shi, watau shafe gumaka da daidaita kaburburan da aka ɗaga. Yana cikin Muslim.

Na uku, dalilin hanin. Ibnu Abbas ya yi bayani cikin Bukhari cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilmi ya tafi, jikoki suka zo suka bauta. Za ka ce, haba Malam, wa zai bauta wa barewar tagulla a wannan zamani? Na yarda ba wanda yake kiranta Ubangiji. Amma dubi abin da ake yi a gabanta: a tsaya cik, a sunkuyar da kai, a ajiye furanni, a ja da baya cikin ladabi, a rana ƙayyadadda da sa'a ƙayyadadda. Tsayuwa cikin ƙanƙan da kai da sunkuyawa, a wurinmu, ina aka san su in ba cikin salla ba? Shari'a tana toshe ƙofa tun ɓarawo bai iso ba.

Ka tuna itaciyar haɗari da na ambata. Mu ma muna da itaciya wadda ta fi ta daraja nesa ba kusa ba, wadda aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta a Hudaibiyya, har Allah Ya ambace ta cikin Suratul Fathi. Da sahabbai suka komo shekara mai zuwa ba su haɗu a kan wace ce ba, Ibnu Umar ya ɗauki wannan a matsayin rahama. An kuma ruwaito cewa da Umaru ya ji mutane suna zuwa salla gindin wata itaciya da sunan ita ce, sai ya sa aka sare ta.

Amma rubuta tarihi, da kiyaye sunayen waɗanda suka mutu cikin littafi, da zuwa fagen fama don ɗaukar darasi, duk ba laifi. Malaman Sira sun jera sunayen shahidan Uhudu ɗaya bayan ɗaya da kabilunsu. Alƙur'ani ya yi ta kiranmu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabata. In ka sami kanka a irin wurin nan, dubi ramukan, ka karanta shekarun samarin, ka tuna naka ajalin. Ba ka roƙa wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara, aya ta 113 cikin Suratut Tauba ta hana. Ba ka kuma zage shi. Al'amarinsa yana ga Allah.

DUTSE BA YA SANIN NIYYA

Allon tagulla yana jera sunaye bai ɗaya, wannan jarumi, wancan jarumi. A wurin Allah ba haka ba ne. A Uhudu ɗin nan akwai wani mutum, Ƙuzman, ya yi yaƙi kamar zaki ya kashe mutane da dama. Da aka yi masa barka ya ce shi don martabar mutanensa ya yi. Rauni ya tsananta, ya kashe kansa, Annabi kuwa ya riga ya faɗi cewa ɗan wuta ne. Akwai kuma Usairim, wanda ya musulunta ran nan, ya shiga yaƙi aka kashe shi bai taɓa yin salla ko ɗaya ba, aka yi masa shaidar Aljanna. Da an kafa allo a Uhudu, da sunayen nan biyu suna jere da juna.

Abu Musa ya ruwaito cewa an tambayi Annabi (S.A.W.) game da mai yaƙi don ganima, da mai yi don a ambace shi, da mai yi don a ga matsayinsa. Ya bayyana cewa wanda ya yi don kalmar Allah ta ɗaukaka shi ne a tafarkin Allah. Cikin Muslim kuma ya zo cewa daga mutanen farko da za a yi wa hukunci ran Ƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen fama, alhali ya yi ne don a ce jarumi ne. An kuwa faɗa a duniya, ladansa ke nan, sai a ja shi zuwa wuta. Ka ga hatsarin? Abin da gunki yake yi wa saurayi alkawari, watau a ambace shi bayan ransa, shi ne ainihin niyyar da take ɓata aiki. Shi ya sa Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan cewa ba a yanke wa wani mutum shahada kai tsaye. Muna kyautata zato, muna fata, sanin gaibu na Allah ne.

TO, ME ZA KA YI WA NAKA?

Ga amsar tambayar yaron nan, kai ma ka riƙe.

1. Addu'a. Ita ce take isa kabari. Ka roƙa masa gafara cikin sujada da bayan salla, ba sai ran 15 ga Janairu ba.

2. Bashi. Ya tabbata cikin Muslim cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Mahaifin Jabir ya faɗi a Uhudu ya bar bashi da 'ya'ya mata da yawa. Annabi (S.A.W.) da kansa ya je gonar dabinon ya tsaya har aka biya masu bin bashin. Ka bincika ko ana bin naka, ka biya.

3. Iyalinsa. Da aka kashe Ja'afar a Mu'uta, Annabi ya sa a dafa wa iyalinsa abinci, ya je ya rungumi 'ya'yansa. Ya kuma ce wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri, shi ma ya yi yaƙin. Kuɗin furanni da fenti da fareti, da an ba matar mamaci ta biya kuɗin makarantar marayu, wanne ya fi? In haƙƙinsa ya maƙale a wani ofis, ka ɗauki takardun ka bi mata sawu.

4. Sadaka mai gudana da sunansa: rijiya, ko itacen inuwa, ko littattafai a makarantar unguwa.

5. Ka tarbiyyantar da ɗansa ya zama na kirki mai yi masa addu'a. Wannan ya fi hasumiya tsawon rai.

GARGAƊI BIYU

Na ɗaya. Kada ka karanta wannan ka ɗauki guduma ka nufi wani dandali. Sayyidina Aliyu da ya ba da wancan umurni shi ne Halifa, da ikon hukuma ya yi. Kai naka shi ne ka sani, ka kiyaye kanka, ka yi bayani da hikima da kyakkyawar magana. Wanda ya gyara ɓarna da abin da zai haifar da wadda ta fi ta, bai fahimci Sunna ba. In kuwa kai soja ne ko ɗan sanda, aka sa ka fareti ba da zaɓinka ba, ka ji tsoron Allah gwargwadon ikonka, kada ka sunkuya wa gunki, ka shagaltar da zuciyarka da roƙa wa 'yan'uwanka Musulmi gafara, ka kuma nemi malami masani ka gaya masa halinka.

Na biyu. Yadda ake ruɗin saurayi da tagulla da begila, haka ake ruɗinsa da kalmar shahada. Ƙasar nan ta ga abin da Maitatsine ya jawo a Kano a 1980, ta kuma ga abin da ya auku a Borno da Yobe tun daga 2009. Samari nawa aka tura suka kashe masallata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta, aka ce musu Aljanna tana jiransu? Jinin Musulmi haram ne, jinin wanda ake zaman amana da shi haram ne. Duk wanda ya ce ka tashi ka mutu, tambaye shi: da umurnin wa, a kan wa, da wane dalili daga Littafi da Sunna, kuma waɗanne malamai ne suka yarda? 'Yan Newfoundland ba su da damar tambaya ran nan. Kai kana da ita, ranka kuwa amana ne, guda ɗaya aka ba ka.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Mutum nawa suka amsa kiran suna washegarin harin Beaumont-Hamel, kuma waɗanne kurakurai suka jawo hasarar?
2. Yaya Annabi (S.A.W.) ya binne shahidan Uhudu, kuma yaya ya tuna da su?
3. Ka kawo dalili biyu na hana gini a kan kabari da kafa gunki.
4. Mene ne bambancin Ƙuzman da Usairim?
5. A unguwarku akwai matar da mijinta ya mutu a bakin aikin tsaro? Me za ku yi mata cikin wannan wata, kai da abokan karatunka?

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu, na Uhudu da na Bama da na dazuzzukan ƙasarmu. Ya tsare marayunsu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya kashe mu a kan Sunna. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafararSa.